Abin Da Matafiyi Zai Ci A Birnin Sin



Da aka ce mu zo mu yi magana a kan abincin Sinawa da kayan zaƙinsu da abin shansu, mun san a cikinku akwai masu ganin wannan zance bai kai a tara mutane a zauren jami'a dominsa ba. Muna roƙonsu su ba mu aron kunnuwansu na ɗan lokaci. A da, in Bahaushe ya ce Birnin Sin, ƙarshen duniya yake nufi. Amma tun daga 1971, lokacin da Nijeriya ta ƙulla hulɗar jakadanci da Jamhuriyar Jama'ar Sin, Nijar kuma ta bi baya a 1974, hanya ta yi ta buɗewa, har ya zama da wuya ka ratsa Kantin Kwari a Kano ba ka haɗu da wanda ya je Gwanzu saro kaya ya dawo ba. A cikin waɗanda ke zaune nan ma, wani zai sami gurbin ƙaro ilmi, wani kuma ma'aikatarsa za ta tura shi kwas na wata uku. Dukansu kuwa za su ji yunwa sau uku a rana.

Abin da muka sha gani shi ne, mutumin namu yakan cika jaka da garin kwaki da kuka da yaji da kilishi, ya sauka, ya kulle kansa a ɗakin otal yana fama da burodi da shayi da dafaffen ƙwai. Bayan mako shida ya komo gida a rame, ya ce wa jama'a ai Sinawa ba su cin kome sai kare da maciji. Kilishin ma sau da yawa ba ya wuce filin jirgi, domin dokar kwastan ta can ta hana shiga da nama. Ramar jiki ita ce ƙaramar hasararsa. Babbar ita ce, Sinawa a bakin teburin abinci suke auna mutum, a nan suke ƙulla abota, a nan ciniki yake nuna kafin a kai shi ofis a sa hannu. Wanda ya ƙi gayyata sau biyu ba a cika yi masa ta uku ba. Tsoron da ke hana shi fita kuwa tsoro ne mai dalili, watau tsoron cin haram. Nufinmu a yau mu nuna cewa maganin wannan tsoro bai wuce sanin haruffa biyar ko shida ba, da sanin yadda ƙasar ta kasu wajen girki.

Mu fara da gaskiyar da ba ta da daɗin ji. Kusan rabin naman aladen da ake ci a duniya a ƙasar Sin ake cinsa. Ya zama ruwan dare har a cikin harshe: kalmarsu ta nama, wadda ake furtawa ro, in ta zo ita kaɗai a takardar abinci ba a ambaci dabbar ba, to alade ake nufi. Daɗin daɗawa, naman alade ana ce masa juro, naman kaza kuwa jiro, ga kunnen baƙo kuma tsakaninsu bai fi gashin ido ba. Saboda haka ido ya fi kunne amfani a can. Harafin saniya shi ne 牛, na tunkiya ko akuya 羊, ga shi nan da ƙahoninsa biyu, na kaza 鸡, na alade kuwa 猪. Sa'an nan akwai 酒, wanda ya tattara duk wani abu mai sa maye. Wannan na ƙarshe yana shiga tukunya, domin masu girkin Sin suna zuba ruwan giyar shinkafa a nama da kifi don kashe ƙarni, kamar yadda matanmu ke matsa lemun tsami. Har ganye zalla ma akan soya shi da kitsen alade, musamman a kudu. Wanda ya ce shi dai a ba shi kayan lambu bai tsira ba tukuna.

To, ina mafita? Tana cikin haruffa biyu, 清真, ana furta su cingjan. Ma'anarsu tsarki da gaskiya, su ne kuma abin da Musulmin Sin ke kiran halal. Musulunci ya isa ƙasar tun zamanin daular Tang, wadda ta yi mulki daga 618 zuwa 907, ta hannun fataken Larabawa da Farisawa, waɗansu ta teku waɗansu ta tudu. A yau ƙabilu goma ne na ƙasar aka sani da Musulunci. Manya daga cikinsu su ne Hui da Uigur, kowace kuma ta haura mutum miliyan 11 a ƙidayar 2020. Su Hui Sinanci ne harshensu, sun bazu ko'ina, kuma sun shafe shekaru fiye da dubu suna sarrafa girkin Sin da naman sa da na rago. Duk inda ka ga waɗannan haruffa biyu a ƙofa, yawanci a kan allo kore, ka shiga da bismilla. Amma a lura da abu guda. Da, akan rubuta kalmar halal da Larabci a gefensu. Cikin 'yan shekarun nan hukuma ta sa an cire rubutun Larabci daga allunan shaguna a wurare da yawa, har da babban birni Bejin a 2019. Wanda ya tsaya neman Larabci zai wuce abincinsa bai sani ba.

Abu na biyu shi ne taswira. Idan aka ja layi daga duwatsun Cinling zuwa kogin Huwai, an raba ƙasar biyu. Arewa sanyi da ƙarancin ruwa, sai alkama: taliya, da turararren burodi, da gurasa iri iri. Kudu ruwa da zafi, sai shinkafa. Littattafan yawon buɗe ido za su gaya muku akwai manyan salon girki takwas, kowane da lardinsa. Ba za mu wahalar da ku da lissafa su ba, don kuwa wannan lissafi ya bar girkin Musulmin arewa maso yamma a waje, alhali shi ne ya fi shafarmu, a ganinmu kuma ba ya bayan ko ɗaya daga cikin takwas ɗin.

Tasar da za ta fara ceton ɗalibi ita ce taliyar Lanjo. Lanjo birni ne a bakin Rawayan Kogi, a lardin Gansu, ana kuma danganta wannan taliya ga wani Bahui mai suna Ma Baozi, wanda ya fara sayar da ita a 1915. Romon naman sa ne da aka daɗe ana dafawa da ƙashi da kayan ƙamshi har ya yi garau. A gabanka mai taliya zai ɗauki curin kwaɓaɓɓiyar fulawa, ya ja shi iya buɗin hannuwansa, ya ninka, ya sake ja, ya sake ninkawa. Kowane ninki yana ruɓanya zaren, in ya ninka sau bakwai ya sami zare 128, duk cikin ƙasa da minti guda, ba inji ba wuƙa. Duk wanda ya taɓa ganin wahalar murza taliya a gida zai tsaya ya yi kallo. Mutanen Lanjo suna cewa abu biyar ke nuna an yi ta daidai: romo garau, da farin wani tushe mai kama da karas da ake yankawa a ciki, da jan man barkono, da koren ganye, da rawayar taliyar. Kai za ka zaɓi kaurin zaren, daga mai sirantakar gashi har mai faɗin ɗamara. Babu wani babban birni a Sin da ba za ka sami shagonta ba, da yawa daga masu shagunan kuwa Musulmi ne 'yan lardin Cinghai, kuma tana cikin abinci mafi araha a ƙasar.

Daga nan sai Shi'an, tsohon babban birnin daular Tang, inda manoma masu haƙa rijiya suka ci karo da rundunar sojojin yumɓu a 1974. Bayan Hasumiyar Ganga akwai unguwar Musulmi, a tsakiyarta kuma akwai babban masallaci wanda in ba an gaya maka ba sai ka ɗauka fadar sarki ce, domin rufinsa da farfajiyarsa duk ginin Sinawa ne. Abincin da za ka nema a nan sunansa yangro pawmo. Za a kawo maka kwano da busasshiyar gurasa ɗaya ko biyu, a bar ka da aikinka. Kai za ka zauna ka gutsuttsura ta da yatsu, ƙanana ƙanana kamar ƙwayar wake, kuna hira. In ka gama a ɗauki kwanon a kai wa mai girki ya dafa ta cikin romon rago, ya ɗora nama, a haɗo maka da tafarnuwar da aka jiƙa a ruwan tsami da sukari. Bakano da ya tashi da gurasa da romo ba zai ji baƙunta ba. Masu garin suna gane baƙo daga girman gutsurensa, mai gaggawa kuwa shi ke cin ɗanyen tsakiya. Akwai kuma rojiyamo, gurasa ce da aka tsaga aka cusa mata dafaffen nama. A cikin unguwar naman sa ne, a wajenta alade ne, sunan kuwa ɗaya.

Girkin Uigur na lardin Shinjiyan shi ya fi kusa da harshenmu. Suna da polo, dafa-dukan shinkafa da karas da albasa da naman rago, mai maiƙo, wanda a al'adarsu da hannu ake ci. Suna da tsiren rago da ake barbaɗa wa barkono da wata ƙwayar ƙamshi da Larabawa ke kira kammun, sai dai babu ƙuli a kansa. Wannan tsire ya mamaye titunan Sin duka da dare, amma a kula, ba kowane mai tukuba ne Musulmi ba. Suna da gurasar tanderu, da wata tasa da ake kira dapanji, watau kaza a babban faranti, da dankalin Turawa da barkono, wadda mutum uku ke tarar wa, in nama ya ƙare a zuba faffaɗar taliya a cikin miyar. Ya kamata mai shiga irin wannan shago ya san halin da masu shi ke ciki. A watan Agusta na 2022 ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da rahoto cewa an tafka manyan take haƙƙi a Shinjiyan, gwamnatin Sin kuma ta ƙi amincewa da rahoton. Kada ka ja mai shago da tambayar siyasa a gaban jama'a. Kai gobe za ka hau jirgi, shi kuwa yana nan.

A Bejin, kowa agwagwa zai ce maka ka ci, kuma ta cancanci sunanta. Ana hura iska tsakanin fata da tsoka, a shafa mata ruwan zaƙi, a rataye ta ta bushe, kana a gasa ta a tanderu da itacen 'ya'yan marmari har fatar ta yi ja tana ƙyalli tana ƙaras-ƙaras. Mai girki zai zo bakin tebur ya yayyanka ta, kai kuma ka naɗe yanka biyu a cikin siririyar waina ta fulawa, da ganyen albasa da kokwamba da wata baƙar miya mai zaƙi. Gidan da ya fi shahara da ita, Quanjude, tun 1864 yake wannan sana'a. Mai kula da yanka sai ya nemi gidan cingjan, akwai masu gasa ta. Amma mu da za a ba mu dare ɗaya tak a Bejin, cikin hunturu, Titin Shanu za mu nufa, wanda suke kira Niujie, unguwar Hui mai masallacin da ake cewa an kafa shi a 996. A nan ake cin shuwan yangro. Tukunyar tagulla ce mai bututun garwashi a tsakiya, ruwa na tafasa kewaye da shi, a kawo naman rago da aka yanka sirara kamar takarda. Ka tsoma yanka ɗaya, kafin ka ƙirga goma ya nuna, ka dangwala a miyar riɗi ka kai baka. Riɗin nan kuwa ba mamaki na gonarmu ne, domin Nijar da Nijeriya suna cikin ƙasashen da Sin ke sayen riɗi daga gare su.

Masu taƙama da cin yaji, ga lardin Sicuwan nan yana jiranku. Abin mamaki, barkono baƙo ne a can, daga nahiyar Amurka ya fito, bai isa Sin ba sai wajen ƙarshen ƙarni na 16. Abin da yake nasu na gado shi ne wata 'yar ƙwaya da suke kira huwajiyawo, wadda ba ta da zafi, sai dai ta sa leɓe da harshe su yi ta zir-zir kamar an jona musu lantarki. Bishiyarta dangin fasa-ƙwari ce, wadda tsofaffinmu ke sa wa a yaji, masu ciwon haƙori kuma ke tauna saiwarta. Haɗuwar wannan da barkono ita ce sirrin girkinsu, tare da wani ruɓaɓɓen wake mai barkono da ke yi musu aikin da daddawa ke yi mana.

Shahararriyar tasarsu za ta ba ku dariya, domin awara ce. Awarar nan da yara ke talla a ƙofar makaranta, wadda ba ta daɗe da shigowa ƙasar Hausa ba, asalinta na Sin ne, sun fi shekara dubu suna yin ta, suna kiranta dofu. Mu soyawa kawai muka iya. Su kuwa suna da mai laushi kamar kindirmo, da mai tauri, da busasshiya, da kyafaffiya, har da wata mai wari wadda za ka ji ta tun daga bakin layi. Mapo dofu ma'anarsa awarar tsohuwa mai zanzana, don tunawa da matar wani mai suna Chen da ke da ɗan shago a birnin Cengdu wajen 1862, tana dafa wa 'yan dako. Da niƙaƙƙen naman sa ta yi tata, amma yau gidaje da yawa alade suke sawa, sai a tambaya. Akwai kuma kazar gungbawo, soyayyar kaza da gyaɗa da busasshen barkono, mai ɗan zaƙi da ɗan tsami, wadda aka sa wa sunan sarautar wani gwamnan lardin na ƙarni na 19, Ding Baozhen. Tukunyar wuta ta birnin Congcing kuwa, wadda kowa ke tsoma abin da yake so a cikin jan romo, muna ba da shawara a ci ta a gidan cingjan kawai. A sauran gidaje daskararren jinin agwagwa da ƙwaƙwalwar alade suna cikin abin da abokan cinka za su tsoma a romon da kake ci.

Gwanzu, wadda za ku ga an rubuta Guangzhou a tikiti, ita ce inda yawancin mutanenmu ke sauka, ga baje kolin da ake yi a can sau biyu a shekara tun 1957. Mutanen wannan yanki ba su son yaji, sun fi son a ji ɗanɗanon abu kamar yadda Allah ya yi shi. Turararren kifi da citta da ganyen albasa, wanda aka ciro da rai daga tanki a gabanka, shi ne gwanintarsu. Abin da ya fi suna kuwa shi ne dimsam, 'yan ƙananan loma a cikin kwandunan gora da ake ci da shayi da hantsi. Abin takaici, kusan dukansu da alade a ciki, har wanda aka ce na jatan lande ne akan haɗa shi da kitse. Mafita ita ce unguwar Shiyawbei, inda 'yan Afirka suka saba sauka, da kewayen masallacin Huaisheng, ɗaya daga cikin mafi tsufa a ƙasar. In kuma ka tsinci kanka a garin da babu Musulmi, nemi gidan abincin mabiya Buda, mai harafin 素 a ƙofa, galibi kusa da wurin ibadarsu. Ba nama, ba kitsen dabba, kuma sun iya sarrafa awara har ka rantse kaza ce.

Game da kayan zaƙi, Sinawa ba su kai mu shan sukari ba, babban yabon da suke yi wa abu mai zaƙi ma shi ne a ce bai cika zaƙi ba. Abin da zai fara ɗaure maka kai shi ne wake. Mu wake na gishiri da mai ne, su kuwa sukan dafa jan wake su niƙa da sukari su cusa a cikin burodi da waina. A ba shi kwana uku, harshe zai saba. Da hunturu a arewa za ka ga tanghulu, 'ya'yan itace ja masu tsami an jera a tsinke an tsoma a narkakken sukari ya daskare kamar gilashi. A Shi'an akwai zenggawo, shinkafa mai danƙo da aka turara da abin da suke kira jan dabino, wanda a gaskiya ɗan'uwan magarya ne, sai dai ya fi tamu girma da tsoka. A Titin Shanu akwai wani naɗin garin shinkafa da jan wake da aka mirgina a garin soyayyen waken suya, suna kiransa birgimar jaki, saboda ya yi kama da jakin da ya tashi daga turɓaya. Kantun riɗi da na gyaɗa kuwa kamar daga kasuwar Kurmi aka kai su.

A nan ma akwai tarko, kuma ya fi na nama ɓoyuwa. Wainar wata, wadda ake rabawa a bikin daren 15 ga watan takwas na kalandarsu, mai gwaiduwar ƙwan agwagwa a tsakiya, da yawa daga irinta da kitsen alade ake kwaɓa ɓawon. Haka tangyuwan, 'yan dunƙulen garin shinkafa masu baƙin riɗi a ciki da ake ci a bikin fitilu. Na birnin Ningbo, waɗanda suka fi suna, kitsen alade yana cikin sunansu ma. Akwai kuma wani kunun shinkafa mai zaƙi da ake bari ya ɗan yi tsami, jiyuniyang, wanda harafin nan 酒 ke farkon sunansa. Ko alewar madara ta White Rabbit, wadda matafiya ke cika jaka da ita tsaraba ga yara, a 2019 hukumomin addini na Brunai da Malesiya sun sanar cewa gwaji ya nuna akwai sinadarin alade a cikinta. Duk waɗannan, ban da kunun, akwai irinsu na cingjan, ana kuma buga haruffan a jikin kwali.

Saura giya. Mun san yawancinmu ba ma sha, mun kuma san a cikin wannan zaure akwai 'yan'uwa da addininsu bai hana su ba. Mai sha da marar sha duka suna bukatar sanin abin da za a ajiye a gabansu. Giyar sha'ir, wadda suke kira pijiyu, baƙuwa ce a Sin, Turawa suka kai ta. Ta farko ita ce Harbin, wadda aka kafa a 1900 domin ma'aikatan jirgin ƙasa na Rasha a arewa maso gabas. Sai Tsingtao a 1903, a garin Cingdawo na bakin teku, wanda Jamusawa suka karɓa haya a 1898 suka riƙe har Japan ta ƙwace shi a 1914. Mulkin mallakar ya wuce, masana'antar ta zauna, ita ce kuma giyar Sin da aka fi sani a waje. A garin nata har a leda ake auna ta a kai gida, kamar yadda muke sayen kunun zaƙi. Mutanen Bejin tasu ita ce Yanjing, ta 1980. Snow kuwa, wadda ba a cika jin sunanta a waje ba, ta daɗe tana gaban kowace giya a duniya wajen yawan abin da ake sayarwa, saboda yawan masu shanta a gida. Tun 2002 Sin ta wuce Amurka ta zama ƙasar da ta fi kowace yin giya. Yawancinsu marasa ƙarfi ne, barasar da ke ciki kashi 3 ko 4 cikin ɗari. Lambar nan 8 ko 10 da ake bugawa da girma a kwalba awon kaurin ruwan sha'ir ne kafin ya tsima, awon barasar yana can gefe da ƙananan haruffa.

Wadda ya kamata mai sha ma ya ji tsoro ita ce baijiyu. Fara ce tas kamar ruwa, da dawa ake yin ta, irin dawar da muke tuwo da ita, a ɗan ƙaramin kofi ake zuba ta. Mafi daraja a cikinsu, Moutai ta lardin Gwaijo, barasarta kashi 53 cikin ɗari ce, da ita kuma Firayim Minista Zhou Enlai ya karɓi Shugaba Nixon na Amurka a liyafar 1972. A wurin liyafa mai gida zai miƙe ya ɗaga kofi ya ce ganbei, watau a ƙafe kofi, daga nan kowa ya bi baƙo ɗaya bayan ɗaya. In mutum goma ne a teburin, kai kaɗai za ka sha goma.

To yaya marar sha zai yi bai ci mutuncin mai gida ba? Hausawa sun ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma ka nemi taka ka ɗaura, amma wannan karin magana ba ta kai nan ba, Sinawa da kansu ma ba su nemi ta kai ba. Suna da tsohuwar magana, yi ca dai jiyu, ma'anarta shayi a madadin giya. Tun kafin a zuba, ka gaya wa mai gida ko tafinta cewa kai Musilin ne, haka suke furta kalmar. Ya fi kyau ma a faɗa tun ranar da aka gayyace ka, domin sau da yawa sai ya mai da liyafar gaba ɗaya gidan cingjan, ya kuma ji daɗin ya nuna ya san hakkin baƙo. In an zo ɗaga kofi, ka miƙe tare da kowa, ka riƙe kofin shayinka da hannu biyu, ka sa bakinsa ya yi ƙasa da na wanda ya girme ka in za ku haɗa su, ka faɗi alheri game da shi. Girmamawar ita ake nema. Abin da ba ya yiwuwa shi ne ka kurɓa sau ɗaya don kunya sa'an nan ka ce ba ka sha. Daga wannan kurɓa ba mai sake yarda da uzurinka.

Sauran ladubban ba su da yawa. Teburin zagayayye ne, da faifan gilashi mai juyawa a tsakiya, kowa da ɗan kwanonsa, ana ɗiba daga akushi ɗaya kamar a gida. Kujerar da ke fuskantar ƙofa ta babban baƙo ce, kada ka zauna sai an nuna maka. Tsinkayen cin abinci kwana biyu sun isa ka koya, neman cokali kuma ba abin kunya ba ne, amma kada ka kafa su tsaye a cikin shinkafa, don haka ake kafa turaren matattu. In an zuba maka shayi, ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu ya isa godiya, musamman a Gwanzu. Ruwan sha da zafinsa za a kawo maka, ko da bazara. Mai gida zai yi ta tura maka abinci har ka gaji, kada ka ga kamar almubazzaranci ne kawai. Akwai tsofaffi da rai waɗanda suka ga yunwar 1959 zuwa 1961, wadda ta kashe miliyoyin mutane masu yawa, har yau kuma a cikin gaisuwarsu akwai tambayar ko ka ci abinci. Gwamnati dai ta kafa dokar hana ɓarnar abinci a 2021, saboda haka neman a ƙunsa maka saura ba abin kunya ba ne. In kai kaɗai ka fita, ka tuna kusan kome da waya ake biya, ta Alipay ko WeChat, tun 2023 kuma an sauƙaƙa wa baƙi haɗa katin bankinsu na waje, gara ka shirya wannan tun kana gida. Ba a ba ma'aikacin gidan abinci tukuici.

Shinkafa ko taliya a wurin liyafa can ƙarshe ake kawo su, don cike gurbin da ya rage, saboda haka kada ka zauna kana jiran tuwo miya na wucewa. In ka ga an shigo da farantin kankana da lemu, an gama ke nan. Sinawa ba su zaman hira bayan ci kamar mu. Mai gida zai miƙe, kowa ya miƙe, ya raka ka har bakin mota, cikin minti biyar ɗakin ya zama ba kowa.